Rancen da na bayar a 2021 ya dawo, amma wa ya ci sauran?

Mai Hatsi, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'an gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya na rasa wanda zan faɗa ma, shi ne na ce bari in kawo nan tunda akwai malamai akwai 'yan boko. A kakan 2021 wani aminina da muka taso tare ya same ni a rumfa, zai aurar da 'yar shi kuɗin kayan ɗaki sun gagara, na ƙirga dubu ɗari huɗu na ba shi rance, ba takarda ba shaida sai Allah. Lokacin nan kuɗin buhu ashirin ne na masara a hannuna, don masaran na sayar na ba shi. Shekaranjiya ya kawo kuɗin cif cif, ya yi godiya ya yi addu'a har ya ba ni kunya. Bayan ya tafi na zauna na buga lissafi, wallahi ko buhu takwas ba za su saya min ba yau. Ban ce ya cuce ni ba fa, abin da ya amsa shi ya dawo da shi. To amma buhu sha biyun nan ina suka shiga? Ba ɓarawo ya fasa rumfa ba, ba gobara aka yi ba, ba ƙwari suka ci ba. Tambayana biyu ne. Ya halatta in ce ya ƙaro min wani abu? Na biyu kuma wanda ya fi damuna, wa ya ci sauran, kuma ranar lahira wa zan riƙe?

Almajirin Unguwar Juma:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri kan taimakon da ka yi. Ta farkon dai mai sauƙi ce a faɗa ko da tana da ɗaci. Mafi yawan malamai sun tafi a kan bashi da irinsa ake biya, ka ba da dubu ɗari huɗu a dawo maka da dubu ɗari huɗu, in ka ce sai ya ƙara to an shiga riba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma da ta zauna a Kuwait a 1988 a kan haka ta tsaya. Amma Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa yana ganin in darajar kuɗin ƙarfe ta hau ko ta faɗi ƙimarsu ta ranar da aka karɓa za a duba, kuma malaman zamani da yawa suna cewa in faɗuwar ta yi muni sosai a zauna a yi sulhu a raba asarar. In kuma shi da kansa ya ƙara maka ba sharaɗi ba tilas, wannan kyakkyawan biya ne, Manzon Allah (SAW) ya ranci ɗan ƙaramin raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Ta biyun kuwa, bari in ji ta bakin 'yan boko tukuna.

Ɗalibin Kongo:
Kawu ni zan taɓa ta biyun. Ciro dubu ɗaya daga aljihunka ka duba ta da kyau, ba zinariya a bayanta ba azurfa, abin da ke jikinta hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong ne sai sa hannun gwamnan Babban Banki. Sa hannun nan shi ne kuɗin. Tun Agustan 1971 da shugaban Amurka Nixon ya raba dala da zinariya kuɗin duniya ya koma alkawarin hukuma zalla. To mu nan gwamnatin tarayya ta yi shekaru tana cin bashi kai tsaye daga Babban Banki, dokar bankin ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar bara, amma sai da ya taru ya kai tiriliyan 22.7 wanda majalisar dattawa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon zango a Mayun 2023. Irin wannan bashin ba daga asusun wani aka ciro ba, sabon kuɗi ne aka ƙirƙira aka zuba a kasuwa alhali masarar da ke ƙasar ba ta ƙaru ba. Sai ga janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a Yuni kuma aka saki naira, dala daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ban ce shi kaɗai ne dalili ba, rashin tsaro ya kori manoma a Birnin Gwari da Giwa, taki ya yi tsada. Amma kaso mai tsoka na buhunanka haraji ne aka karɓa ba tare da an aiko maka da takarda ba.

Ɗan Ƙofar Doka:
Ni gaskiya irin wannan maganan bai min daɗi. Tsada da araha duk daga Allah ne. An yi tsada a Madina sahabbai suka ce ya Rasulallahi ka yanka mana farashi, ya ce Allah shi ne mai yanka farashi, mai ƙuntatawa mai yalwatawa. Mu gyara halinmu, mu ne muke ɓoye kaya, mu ne muke algus, sannan mu ce shugabanni. Kuma Allah ya ce a bi Allah a bi Manzo da majiɓinta al'amari. Alhaji ka yi haƙuri ka ɗauka sadaka ka yi, ladanka na nan.

Almajirin Unguwar Juma:
Yaya ka kawo hadisin amma ka tsaya a rabi. Ƙarshensa Annabi (SAW) cewa ya yi yana fatan ya haɗu da Allah ba wanda ke bin sa wani zalunci na jini ko na dukiya. Ka ga ke nan abin da ya hana shi yanka farashi tsoron taɓa dukiyar mutane ne, shugaba ne yake jin tsoron kwabon talaka. To ta yaya hadisin da ya ɗaure hannun shugaba zai koma hujjar wanke shi? Komai da ƙaddarar Allah yake, har sata, amma ba mu taɓa sakin ɓarawo don an ƙaddara ba.
Bari in yi wa Alhaji magana da yarensa. Alhaji in ka samu mudunka ka bubbuge gindinsa ya ɗan shige ciki, kana auna wa mutane suna biyan kuɗin mudu cikakke, me sunanka? Ai surar Muɗaffifina a kanka ta sauka, kuma mutanen Annabi Shu'aibu a kan wannan aka halaka su, har suna ce masa wai sallarsa ce ke hana su yin abin da suka ga dama da dukiyarsu. To kuɗi shi ne mudun da ake auna duk sauran abubuwa, gumin lebura, sadakin mace, gadon maraya, fanshon tsoho. Kuma wannan mudun ba a hannun ɗan kasuwa yake ba, an ba hukuma ajiya ne. In mudun masara ɗaya ya jawo azaba, ina ga wanda mutum sama da miliyan 200 suke awo da shi. Shi ya sa a tafsirai za ka ga magabata irin su Sa'idu ɗan Musayyib sun lissafa gutsurar gefen dinari da dirhami cikin ɓarna a bayan ƙasa.

Mai Hatsi, Sabon Gari:
Allah shi gafarta malam, wallahi tsigan jikina ya tashi. Shekara talatin ina awo ban taɓa kallon naira a matsayin mudu ba.

Baba Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Yarana ku bari tsoho ya sa baki, zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.
Kalmar kuɗi ɗin nan da muke faɗa asalinta wuri ake nufi. Wuri kuwa ba sarkin da ya ƙera shi, daga teku ake kwaso shi can tsibiran Maldibs, ya biyo fatake har ya iso kasuwar Zariya. Ana ƙirga shi a ƙasa, dubu ashirin shi ne keso guda. Sarkin Zazzau yana karɓar kuɗin ƙasa da shi amma ba shi da ikon ya wayi gari ya ce daga yau wuri ba kuɗi ba ne. Da Turawa suka zo, a 1904 suka hana shigo da wuri, sannu a hankali suka ce haraji da sulallansu za a biya. Nan ne fa mulki ya shiga kowane gida ba tare da an harba bindiga ba. Mahaifina Allah ya jiƙansa ya sha ba mu labari, mutum yana da dawa cike da rumbu amma ba shi da sule, dole ya shuka auduga ya kai wa kamfani don ya samu abin biyan haraji, ga jirgin ƙasa ya iso Zariya yana jira ya kwashe. Sule da kan sarkin Ingila a jiki, anini da kwabo masu huda a tsakiya. Sarakunanmu kuma aka yi musu baitulmali aka yanka musu albashi, kuma wanda ya yanka maka albashi ai shi ke da wuƙa da nama. Sarkin Zazzau Kwasau a Lokoja ya ƙare, Aliyu ɗan Sidi da suka naɗa da hannunsu a 1903 shi ma daga baya Lokoja suka kai shi.
Kada kuma ku ɗauka Bature ne ya fara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su, akwai jangali, akwai kuɗin gari, kuɗin salla, da gaisuwa da ake kai wa masu mulki. Jihadi ya yi nasara, amma jangalin nan bai mutu ba, ya ratsa zamanin Fulani ya ratsa na Turawa, ni da idona na ga ana shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci kan haraji. Sai a 1979 Balarabe Musa a nan Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Abin da nake so ku gani shi ne na da ɗin kana ganin mai karɓa, ka san gidansa, kana iya yi masa Allah ya isa a fuskarsa. Na yanzu da ɗana na Kongo ya bayyana ba ka ganin kowa. Fanshona bai ragu ko kwabo ba a takarda, amma da yana kai ni ƙarshen wata yanzu ran goma ya ƙare.

Maman Yara, Hanwa:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni duk wannan tarihin ban san shi ba, abin da na sani shi ne watan biyu na 2023. Ƙaramin ɗana zazzaɓi ya rufe shi da daddare jiki kamar wuta, ina da dubu sittin a asusu na sana'ar ɗinkina, a hannu kuwa ko ɗari biyar babu. Mai kemis ya ce transfa ba ya shiga tun safe shi ba zai ba da magani ba sai ya ga alat, mai keke ya ce tsohon kuɗi ba ya karɓa. Washegari tun asuba na bi layin banki a PZ har la'asar na dawo da dubu biyu. Ƙarshe wajen mai POS na je na ba da dubu shida aka ba ni dubu biyar. Kuɗina, gumina, na saye shi da kuɗi. Yaron ya warke alhamdulillah amma har yau in na tuna daren nan hawaye nake. Malam don Allah dubun da na bayar ɗin nan riba na ci ko aka ci da ni?

Mai POS, Kwangila:
Anti Allah ya ba ki haƙuri, ba ni ba ne amma sana'ata ce don haka dole in yi magana. Wallahi mu ma saye muke a lokacin, wajen masu gidan mai da 'yan kasuwa, ka ba da dubu ɗari da goma a transfa a miƙo maka dubu ɗari. Wasu cikinmu sun wuce gona da iri ban musa ba. Ni dai na rufe shago sati uku don zuciyata ta ƙi natsuwa, na ci bashi na ciyar da gida.

Almajirin Unguwar Juma:
Hajiya ke kam ba ki da laifi in sha Allah, lalura ce ta ciwon ɗa. Ladan aiki na mai POS da aka saba, naira ɗari ko ɗari biyu don ya tanadi na'ura ya zauna a rana, wannan daban. Amma sayar da naira da naira da fifiko saboda ta yi wuya, wannan ita ce ribar da ake gudu. Wasu na cewa ai takarda ce ba zinariya ba, to Imamu Malik a Mudawwana ya ce da mutane za su mayar da fatu kuɗi a tsakaninsu da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a jinkirce, wato duk abin da ya zama kuɗi hukuncin kuɗi ya hau kansa. Abin da ke ci min rai shi ne gari guda na Musulmi aka tura cikin riba a wata ɗaya, mai so da marar so. Ɗan uwa na Kwangila Allah ya mayar maka da abin da ka bari.

Ɗalibin Kongo:
Don a tuna yadda abin ya gudana. An sanar da sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, sababbin suka fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu sannan aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, zaɓe kuma 25 ga wata. Dalilan da aka bayar akwai kuɗin da ya taru a wajen bankuna, kuɗin fansa na masu garkuwa, da sayen ƙuri'a. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ranar 16 ga Fabrairu shugaban ƙasa ya ce tsohuwar 200 kaɗai ta rage, a ranar gwamnan Kaduna ya fito ya ce mutanen jiha su ci gaba da karɓar tsofaffin duka. Wato ɗari biyar ɗaya a aljihun mutumin Zariya, a bakin Abuja takarda ce a bakin Kaduna kuɗi ce. Sai 3 ga Maris kotu ta ce su ci gaba da aiki. Ban san darasin da ya fi wannan nuna cewa kuɗi magana ce ta mai iko ba.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku 'yan uwa. Ni Kirista ne kamar yadda yawancinku kuka sani, na daɗe ina karantawa shiru amma wannan ta taɓa ni. A Linjila an zo wa Yesu da tarko aka ce ya halatta a biya Kaisar haraji ko a'a. Ya ce a nuna masa kuɗin, ya tambaya hoton wa da sunan wa ke jiki, suka ce na Kaisar, ya ce to a ba Kaisar abin da ke na Kaisar a ba Allah abin da ke na Allah. Da yawa a cikinmu sun mayar da ayar kamar tana cewa ka biya ka yi shiru. Kakana da ya yi karatu a nan Wusasa ba haka ya koya mana ba, cewa yake ayar iyaka ta shata wa Kaisar, ƙarfen da ya buga nasa ne amma mutumin da ke riƙe da ƙarfen ba nasa ba ne. Daren da Maman Yara ta ba da labari, a ganina Kaisar ya tsallake iyakarsa ya taɓa abin da ba nasa ba. Kuma littafin Misalai namu ma ya ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, don haka maganar mudu da malam ya yi ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ɗan Ƙofar Doka:
To ai ku ne kuke ta neman a cire rubutun Larabci a jikin naira.

Baba Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
A'a ɗana, kada ka jefi baƙonka da abin da bai faɗa ba, mutanen Wusasa Hausawa ne 'yan uwanmu wasunsu sun fi ka iya ajami. Kuma ba Larabci ba ne, Hausa ce da baƙaƙen Larabci, naira dubu kawai aka rubuta don wanda ya yi allo bai yi boko ba ya gane abin da ke hannunsa. An cire shi a ƙananan kuɗi a 2007, aka cire a sabuwar ɗari ta 2014, yana nan a manyan ukun.

Mai Hatsi, Sabon Gari:
Ni ma ina son ajamin nan ya zauna. Amma dubun da aka dawo min da shi da ajamin shi a jiki, bai hana buhu sha biyu tafiya ba. Mun yi ta faɗa a kan rubutu, ban taɓa jin an yi wa'azi guda a kan abin da ke cikin mudun ba.

Almajirin Unguwar Juma:
Alhaji ka taɓo inda ke ciwo. Annabi (SAW) da sahabbai da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa suka yi ciniki, da hotunan sarakunansu a jiki, aka ƙayyade zakka da su, misƙali 20 na zinariya dirhami 200 na azurfa. Sai zamanin Abdulmalik ɗan Marwana wajen shekara ta 77 bayan hijira aka buga dinari mai rubutu zalla ba hoto. Daga nan ya zama alamar sarauta biyu ce, a ambaci sunanka a huɗuba, a buga sunanka a kuɗi. Ka lura, mumbari da kuɗi. Shi mai mulki tun da can ya san yana buƙatar biyun.

Maman Yara, Hanwa:
To malam tunda ka kawo mumbari bari in faɗi abin da ke raina ko za a ce na yi rashin kunya. A watan nan da muke kwana a layi, huɗubar da na riƙa ji ta lasifika daga gida ita ce a yi haƙuri a yi istigfari, mata ku rage son duniya. Na yarda da istigfari wallahi. Amma ban ji wanda ya juya ya ce wa masu mulki su ma su ji tsoron Allah ba, sai ƙalilan. Kuma muna gani da azumi ana sauke buhunan shinkafa a ƙofar wasu, ana raba kujerun Makka, zaɓe na matsowa sai ga sabuwar mota. In bakin da zai faɗa musu gaskiya yana cike da abincinsu mu wa zai yi magana dominmu?

Admin:
Jama'a a ci gaba amma kada a kama sunan kowane malami ko masallaci, wanda ya kama zan goge.

Ɗan Ƙofar Doka:
Hajiya naman malamai dafi ne, a yi hattara. Kuma ni abin da nake tsoro ke nan, daga maganan kuɗi a koma zagin malamai da sarakuna, daga nan sai tunzura yara. Mu mutanen Zariya ba labari aka ba mu ba, mun ga abin da fito na fito da hukuma ke jawowa, mun ga gawa. Nasiha ga shugaba a asirce ake yi. Wa ya gaya muku ba sa yi? Sarki ma sau nawa yana kiran a sassauta ma talaka.

Ɗan Wusasa:
Yaya tsoronka na gaskiya ne ban raina shi ba. Amma abin da Maman Yara ta faɗa har a coci haka yake, ɗan siyasa ya zo ya ba da gudummawar gini a ba shi kujerar gaba, daga ranar wa'azi ya canza murya. Ciwo ɗaya ne.

Baba Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Sarki kuwa ɗana ina girmama gidan sarauta har ga Allah, amma sandar gwamna ke miƙa ta, albashi daga gwamnati yake fitowa. Ka ga abin da ya faru a Kano ranar 9 ga Maris 2020 da aka tuɓe Sarki Sanusi, kuma mutumin nan shi ne sa hannunsa ke jikin naira daga 2009 zuwa 2014. Wanda za a iya tuɓewa da takarda ɗaya maganarsa da awo take fita, ba laifinsa ba ne tsarin ne haka.

Almajirin Unguwar Juma:
Yaya na Ƙofar Doka ba wanda ya ce a fito titi, ni ma ba na so. Amma tsakanin tawaye da shiru akwai fili mai faɗi, a nan malaman da muke alfahari da su suka tsaya. Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci har aka ɗaure shi, Imamu Malik an yi masa bulala a Madina kan fatawar da ba ta yi wa masu mulki daɗi ba, Imamu Ahmad ya ƙi cin kyautar halifa. Ba ɗayansu da ya ɗauki makami. Alƙur'ani kuma a Tauba da kansa ya ba da labarin malaman da ke cin dukiyar mutane da ƙarya, ba don mu yi wa wasu dariya ba, don mu ji tsoro. Ga hadisin Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa. Malamin da ɗan takara ya kawo wa mota ya yi wa kansa wannan tambayar, don Allah aka ba ni ko don mutanen da ke bayana a sahu.
Amma Hajiya bari in faɗi ɗaya gefen don ni a cikinsu nake. Malamina a zaure shekara arba'in yana karantarwa kyauta, da ɗinkin babbar riga yake ci da iyalinsa, yanzu ido ya yi rauni allura ta gagara. Limamin unguwarku nawa kuke ba shi a wata? Yawanci ko sisi. Yana da 'ya'ya, yana zuwa asibiti, naira ɗin da ta narke a hannun Alhaji ta narke a nasa. A ƙasashen Musulmi da can hubusi ne ke riƙe da malamai, gona ko shago da aka tsayar don makaranta, shi ya sa suke iya kallon sarki ido cikin ido. Mu mun gina masallatai masu tayil mun bar mai jan salla da yunwa, sannan wanda ya rage mana mudu ya zo da buhu ɗaya daga cikin abin da ya rage ya ba shi, mu kuma mu ce ya sayar da mu. Ya yi kuskure, amma mu muka kai shi kasuwar.

Maman Yara, Hanwa:
Wannan kam gaskiya ne malam, ban taɓa tambayar me limaminmu ke ci ba.

Mai Hatsi, Sabon Gari:
Jama'a na gode, na karanta duka har sau biyu. Jiya bayan isha'i na je gidan aminin nawa da niyyan in ɗan taɓo mishi maganan sulhu da malam ya ce. Na tarar ana auna garin tuwo da gwangwanin madara. Malamin firamare ne, ashe rabin kuɗin da ya kawo min filin shi na gado ya sayar a ƙauye don kada ya mutu da bashi. Wallahi bakina ya kasa buɗuwa, muka yi hiran duniya na taso. Ba zan nemi ko kwabo a wurin shi ba, shi ma an ci nashi kaman yadda aka ci nawa, kuma na bar ma Allah amma ban yafe ma wanda ya rage mudun ba ko waye. Limamin layinmu kuma na yi niyyan buhu ɗaya duk kaka in Allah ya yarda, zan yi ma 'yan layin magana. Malam tambaya ta ƙarshe, nan gaba in wani ya zo rance zan iya ba shi masara buhu goma in ce buhu goma zai dawo min da shi, ko ya hau ko ya sauka?

Almajirin Unguwar Juma:
Ya halatta Alhaji, rance ne na abin awo, buhu goma irinta a dawo da buhu goma irinta, kada dai ka shardanta ƙari ko wadda ta fi kyau. Ka sani kuma in masara ta faɗi kai za ka ɗauki faɗuwar. Wannan karon a rubuta a sa shaidu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan haka ta sauka, Baƙara 282.

Maman Yara, Hanwa:
Malam kafin ka sauka. Muna adashi mu goma sha biyu dubu ashirin ashirin duk wata, ni ce ɗaukar ƙarshe. Wadda ta fara ɗauka ta sayi keken ɗinki, ni lokacin da nawa zai zo kuɗin ba zai sayi irinsa ba. Uwar adashi ta ce haka Allah ya so. In muka ce a riƙa zubi da mudun shinkafa maimakon naira ya yi, ko kuwa a riƙa juya layin duk shekara?

Almajirin Unguwar Juma:
Juya layin kam ba matsala in duk kun yarda. Na shinkafar bari in kai wa malam bayan karatun asuba, akwai maganar bambancin iri da tsohuwa da sabuwa da nake so in ji daga bakinsa. Ki turo min yadda kuke zubin dalla dalla, da ko akwai abin da uwar adashi ke cirewa.